Ƙoton roba: mu ɗauki dabarar, mu bar musu robar



Wata takarda ta zo mana daga ƙasar Alakos, wajen Garazu, can arewa cikin gundumar Gure. Mai takardar manomi ne, ya fita ajin yaƙi da jahilci, kuma da hannunsa ya rubuta ta. Ya ce ƙanensa ya komo daga cin rani da wata ƴar leda, cikinta akwai waɗansu abubuwa na roba masu laushi, dogaye kamar tana. Yaron ya nuna musu hoto mai motsi cikin salula: ga wani Ba'amurke cikin jirgin ruwa, ya jefa robar nan, ya ɗan dakata, sai ga ƙaton kifi. Ya sake jefawa, ga wani. Samarin garin suka ce a haɗa kuɗi a sayo irinta da yawa. Waɗansu ma suka ce a nemo irin kifin nan, a zuba cikin tabki in damina ta sauka. Shi ne ya rubuto yana tambaya: mi kuka gani?

Ga abin da na gani, ba ɓoye-ɓoye. Kada ku sayi robar. Kifin kuma kada a kawo shi. Amma akwai dabara cikin aikin Ba'amurken nan, wadda ba a saye da kuɗi, ita ce nike so ku ɗauka. Bari in faɗa muku dalili, don ku auna da kanku.

Kifin da kuka gani sunansa bas. Asalinsa Amurka ta Arewa ne. Yana da babban baki ƙwarai. Wanda ya taɓa ganin ƙaramin giwan ruwa a kasuwar Difa, to kusan kamarsa ke nan, ko da yake ba dangi ɗaya suke ba, kuma bas ba ya kai girman giwan ruwa ko kusa. Yawancin wanda ake kamawa kilo 1 ne zuwa 2. Manyan da aka rubuta cikin littafin masu gasa, kilo 10 ne da ɗan ɗori. Ɗaya wani saurayi manomi, George Perry, ya kama shi a jihar Jojiya cikin 1932, kuma shi kam bai tsaya wasa ba, gida ya kai aka soya aka ci. Ɗayan kuma Manabu Kurita ya kama shi a tabkin Biwa na ƙasar Japan cikin 2009. Giwan ruwa kuwa yakan wuce kilo 100.

Bas mafarauci ne. Yakan laɓe gindin ciyawa, ko ƙarƙashin iccen da ya faɗa ruwa, yana kallo. In ƙaramin kifi ko kwaɗo ya gitta, sai ya kai masa sura. Galibi da ido yake farauta. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Ita robar tana da tarihinta. Cikin 1949 wani maƙerin injuna mai suna Nick Creme, a garin Akron na jihar Ohayo, ya gaji da tonon tana. Shi da matarsa suka riƙa narka roba a gida suna zubawa cikin zubi mai siffar tana, har ta yi. Daga baya, cikin shekarun 1990, wani mai suna Gary Yamamoto ya fito da irin wadda ƙanen mai takarda ya kawo. Ya sa mata suna Senko. Shi wannan mutum sana'arsa ta fara ne a gefen tabkin Powell, wani babban ruwa wanda madatsarsa ke a jihar Arizona. Ƙasar busasshiya ce kamar tamu, amma ruwan garai-garai yake, kana hangen duwatsun ƙasa.

Tsawon Senko santimita 13 ne ko kusa. Ba ta da kai, ba ta da ƙafa, sanda ce kawai mai laushi. Asirinta gishiri ne. Tun wajen narka robar ake cika ta da gishiri, shi ke ba ta nauyi, sai ta nutse da kanta ba a ɗaura mata darma ba. Kuma ba ta faɗawa tsaye kamar dutse. A kwance take sauka, sannu-sannu, bakin nan da bakin can suna ɗan karkarwa, kamar ƙaramin kifin da ya ji ciwo ya kasa gudu. Bas na gani sai ya ce ga nama a ɓagas. Ana soka mata ƙugiya iri biyu. Ko a tsakiya, ta yi reto gefe da gefe. Ko kuma daga kai, a juyo da tsinin ƙugiya a binne shi cikin jikin robar, don kada ya kama ciyawa. Mai fatsa yakan jefa, ya saki zare, ya bar ta tana sauka, idonsa kan zaren. Yawancin kifin tun tana sauka yake ɗaukar ta. In ya ga zare ya zabura ko ya kama tafiya gefe, sai ya ja.

Gaskiya dabara ce mai kyau, ban rena ta ba. Amma ku sake kallon hoton har ƙarshe. Mi mutumin ya yi da kifin? Ya ɗaga shi, ya yi murmushi, ya mayar da shi ruwa. Tun 1972 manyan gasannin kamun bas na Amurka suka fara sakin kifi da rai bayan an auna. Shi wasa yake yi. Abincinsa na gida, kuɗin robar kuma kuɗin nishaɗi ne. Mu kuwa miya muke nema.

To, mu komo Alakos. Ba kogi. Ruwan sama kaɗan ne. Tabkunan na damina ne, yawancinsu kafin ɗari ya fita sun ƙafe, an koma rijiya. Kifin da ake ci a nan, banda ne da ƴan kasuwa ke kawowa daga tabkin Cadi da Najeriya. Kuma ruwan tabki kowa ya san kamarsa: shanu da raƙuma da jakai sun shiga sun dama shi, ya zama kamar kunu. Ka je ka tsoma hannunka har wuyan hannu. Kana ganin yatsunka? In kai ba ka ga yatsanka ba, ƙaƙa kifi zai ga karkarwar roba daga nesa?

Kifin da ke iya zama cikin irin wannan ruwa, Allah ya shirya shi daban. Ku dubi tarwaɗa. Idanunta ƙanana ne, amma tana da gashin baki guda 8. Da su take shafa ƙasa, da su take ɗanɗana abu tun bai shiga bakinta ba. Da dare ta fi kiwo. Tana da wani abu cikin kanta da take shaƙar iska da shi, shi ya sa ko ruwa ya ragu ya zama caɓi ba ta saurin mutuwa. Tarwaɗa wari take bi. Ban ce ba ta taɓa cafkar roba ba, takan yi wani sa'i in ta ji motsi kusa da ita. Amma a ajiye mata roba nan, a ajiye hanjin kaza can, kowa ya san inda za ta nufa. Gaiwa ma haka, idonta ba ƙarfi, da hanci take neman dodon koɗi da kwaɗi, in ruwa ya ƙafe ta shige ƙasa ta rufe kanta har wata damina. Karfasa kuwa gansakuka da ƙananan abubuwan cikin ruwa take ci, bakinta ma bai isa ya haɗiye sandar santimita 13 ba.

Waɗannan su ne kifayenmu. Tarwaɗa da karfasa su ne ma'aikatan gandun daji suka fi zubawa cikin tabkunan da ke daɗewa da ruwa. Ko a manyan tabkunan jihar Damagaram, irin na Gidimuni da ke kan titin Damagaram zuwa Gure, da na Lasuri, su ne masunta suka fi fitarwa.

Sai maganar kuɗi. Leda guda ta Senko ta ainihi, mai guda 10, a can Amurka kuɗinta ya kai wajen jika 4 ko 5 in an juya shi kuɗinmu, tun ba a sa kuɗin hanya ba. Akwai na kwaikwayo masu araha, gaskiya ne. Amma gishirin nan da ke sa ta nutse da kyau, shi ke sa ta rashin ƙwari. Kifi ɗaya ko biyu, ta yage. Su kansu masu wasan suna kuka da wannan. Bayan haka, abu marar darma ba ya jefuwa nesa da gora da zaren hannu. Sai da sandar kanti mai lanƙwasa, da ɗan inji mai naɗe zare, da siririn zaren nailan. Kowanne da kuɗinsa, kuma in injin ya ɓaci ba mai gyara a Garazu. Ku ɗauki jika 5 ku tambayi mai sayar da ƙugiya guda nawa zai ba ku. Ƙoto kuwa ga shi nan kyauta: fara ta cika gonaki da kaka, ga shinge da farkon damina, ga gara, ga tana a gindin randa da bakin rijiya, ga hanjin kaza. Masuntan kogi har da gutsuren sabulu suke kama tarwaɗa. Karfasa kuma ɗan tuwo da aka murza da dusa ya ishe ta.

Akwai abin da ya fi kuɗi damuna. Tabkin Alakos ba na masu fatsa ba ne su kaɗai. Nan dabbobi ke sha, nan mata ke ɗiba, nan ake bugun tubali. Robar da ta yage ta faɗa ruwa ba ta ruɓewa. Tana zama, ta sha ruwa ta kumbura. A Amurka an sha yanka kifi a tarar da ita cunkushe cikin tumbinsa, har cikin 2013 majalisar jihar Maine ta zauna kan maganar hana ta, ko da yake dokar ba ta wuce ba. Su ruwansu ba ya ƙafewa. Namu yana ƙafewa, komi da ya nutse sai ya fito fili. Kuma ku tuna gishiri ke cikinta. Wace akuya ce za ta ga abu mai gishiri ta wuce? Ba sai na yi muku bayanin leda ba. Duk wanda ya tsaya wurin mahauta ya ga dunƙulen leda da ake cirowa daga tumbin tunkiya, dabba tana ci tana ramewa har ta faɗi. Saboda irin wannan ɓarna ce aka yi dokar hana ledar da ba ta ruɓewa a Nijar cikin 2014. Ga ledar kasuwa ta ishe mu, kada mu ƙara da mai gishiri, wani sa'i ma da ƙugiya maƙale a jikinta.

Yanzu ga babbar magana, ta kawo kifin. A nan ne nike roƙon samari su saurara da kyau.

An kai bas ƙasashe da yawa don wasa. A Afirka ma an kai shi, Afirka ta Kudu, Zimbabuwe, Maroko, da tabkin Naibasha na Kenya. An kai shi Japan cikin 1925. Daga tabki guda ya bazu, har ya shiga tabkin Biwa, wanda ya fi kowane girma a ƙasar. Ya tarar da ƙananan kifayen da masuntan wurin suka gada kaka da kakanni, ya bi su da ci. Abin ya kai cikin 2003 hukumar yankin ta hana mayar da shi ruwa in an kama, aka ajiye akwatuna a bakin tabki don a riƙa zuba shi. Cikin 2005 gwamnatin Japan ta sa shi cikin jerin baƙin halittu masu ɓarna, ta hana ɗaukarsa da rai daga wani ruwa zuwa wani. Ƙasa mai kuɗi da injuna ke nan, amma ba ta iya fid da shi ba.

Ga wani misali da kifin da muka sani. Cikin shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa a tabkin Biktoriya, tsakanin Uganda da Kenya da Tanzaniya, inda da ba shi. Shekaru ya yi shiru. Cikin shekarun 1980 sai ya cika tabkin. Ƙananan kifaye wajen iri 200 suka ɓace. Kuɗi sun shigo, ba a musu, an gina masana'antu ana kai namansa Turai. Amma talaka da ya saba shanya ƙananan kifi a rana ya sha wuya, don giwan ruwa mai ne da shi, ba ya shanyuwa, sai an banda shi da wuta. Aka shiga saran itace. Mu da muke tafiyar rabin yini neman iccen girki, mun san abin da wannan ke nufi.

Wani zai ce ai giwan ruwa namu ne, akwai shi a kogin Kwara da tabkin Cadi. Haka ne. Ma'aikata ma sukan sa kifi mai cin kifi cikin babban tabkin da ba ya ƙafewa, don ya rage yawan karfasa in ta hayayyafa ta tsumbure. Amma da lissafi suke yi, sun san faɗin ruwan, sun san yawan abin da ke ciki. Tabkin wata huɗu ko biyar ba wurin mafarauci ba ne. Kafin ya yi kilo guda, ya ci kilo da yawa na ƙananan kifi waɗanda da yaranku ne suka ci su. Don haka duk wanda ke son a zuba kifi a tabkin garinsu, ya fara zuwa wurin ma'aikatan gandun daji a Gure, su zo su ga ruwan. In yana kai wata shida ko fi, tarwaɗa na iya girma ciki har ta isa ci. In ba ya kaiwa, za su faɗa muku, kun huta da asara.

To, ina dabarar da na ce a ɗauka?

Ta farko, a bar ƙoto ya sauka da kansa. Da yawa cikinmu mukan ɗaura ƙatuwar darma, ko guntun ƙarfe, ƙoto ya faɗa tsulum ya nutse cikin laka, kifi ya firgita, ƙoton kuma ya ɓace cikin taɓo. Ku gwada cire darmar, ko ku bar ɗan mitsitsi. Ku soka fara ko tana biyu a tsakiya, bakunan na motsi. Ku ajiye ta a hankali gefen ciyawa, da asuba ko bayan la'asar sakaliya. Tana sauka sannu, warinta na bazuwa cikin ruwa tun daga sama har ƙasa. Abin da roba ke kwaikwayo da gishiri, tana mai rai da kanta take yin sa, ga wari kuma a kai. Ku ɗaura ƴar totuwar kara a zare, ku sa mata ido. Kada ku yi ta ɗagawa kuna dubawa. Ba'amurken nan ba ƙarfi ya fi ku ba, jira ya iya.

Ta biyu, binne tsinin ƙugiya. Waɗanda ke zuwa su a tabkunan kudu sun san yadda kacalla ta cinye bakin ruwa, ƙugiya nawa ta tafi cikinta. Kifi kuwa nan yake ɓuya. In ka soka ƙugiya ta kan fara, ka bi da ita cikin jiki, ka bar tsinin a ɓoye ƙarƙashin fata, za ta ratsa ciyawa ba ta maƙale ba. Sai dai in kifi ya ɗauka, ka ɗan ba shi lokaci, sa'an nan ka ja da ƙarfi don tsinin ya fito.

Akwai ta uku, wadda ta fi wuyar karɓa. Na ce mutumin yana mayar da kifi ruwa don wasa yake. Mu ba za mu mayar da babba ba, kuma ba wanda zai ce mu yi. Amma ƙarami fa? Ƙugiya tana da wani kirki da taru ba shi da shi: ɗaya-ɗaya take kamawa, kuma in ka sa babbar ƙugiya, ƙaramin kifi ba ya iya haɗiye ta. Abin da ke kashe tabkunanmu sange ne, wato gidan sauron da aka raba don zazzaɓin cizon sauro, mutane suka mai da shi taru. Ba ya barin komi, har ƴaƴan da ba su kai yatsa ba. Karfasa mace cikin bakinta take renon ƙwai da ƴaƴa, in ka kwashe ta a lokacin ka kwashe ɗaruruwa. Tarwaɗa kuma da ruwan farko take hawa cikin ciyawar da ruwa ya rufe ta zuba ƙwai, a nan yara ke binta da sanda. Guba kam ba a ma maganarta: tun dokar su ta 1998 gwamnati ta hana kama kifi da guba ko abin fashewa, balle a ruwan da mutane da dabbobi ke sha. Garin da aka zuba wa kifi, mai gari da dattawa da makiyaya da samari su zauna tun kafin a zuba, su sa ranar buɗe su, su sa girman da ba a ɗauka, su sa mai tsaro. Kuɗin da samarin Alakos suka so haɗawa don roba, da nan aka sa su.

Shi kuma ƙanen mai takarda, kada a yi masa dariya. Ya ga abu ya kawo gida, haka ake so. Robarsa tana da inda za ta yi aiki: ruwa mai haske mai giwan ruwa. A tabkin Nasar na Masar, baƙi kan biya kuɗi masu yawa su kama giwan ruwa da ƙoton kanti iri-iri. In wata rana ya sami kansa a irin wannan ruwa, ya gwada, sai dai ya yi hankali da tsage, don haƙoransa sau ɗaya za su datse ta.

In kuwa samari ba su yarda da maganata ba, ga gwaji mai sauƙi. In Allah ya kai mu damina, ku sami ruwa mai kifi. Ku kafa fatsa biyu kusa da juna, ƙugiya iri ɗaya, zare iri ɗaya. Ɗaya da roba, ɗaya da fara ko tana, duka ba darma. Ku yi kwana 7, safe da marece. Ku ja layi tsakiyar takarda, ku rubuta abin da kowace ta kama, da irin kifin, da lokacin. Duk robar da ta yage ku sa ta aljihu ku komo da ita gida, kada ku bar ta bakin ruwa. Sa'an nan ku aiko mana da takardar, za mu karanta ta a rediyo yadda kuka rubuta ta, ko da robar ce ta ci. Kafin nan, a rataye ledar can sama cikin ɗaki, inda akuya da yara ba su kaiwa.